Hajiya, ki dakata da biyan kuɗin zoben nan

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum. Dillalin da ke yi mana sayayya a Dubai ya kawo mini zobe mai daimon ruwan hoda, karat 1.02, ya ce dala 7,000. Akwai kati daga shagon da ya sayo, an rubuta cewa daimon ne na gaske, kuma ya ɗora masa na'urar gwaji a gabana ta yi ƙara. Niyyata in saya wa 'yata da za a aurar bayan babbar salla, ya zama mata kadara maimakon in ƙara mata gwal. Ta yaya zan san mai kyau ne, kuma kuɗin ya yi daidai?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Kada ki biya tukuna, ko kafin alƙalami kada ki bayar. Ba ina nufin dillalinki macuci ne ba. Yawancin masu kawo mana irin wannan kaya su ma abin da aka gaya musu a shago suke maimaitawa. Amma kuɗin da ya faɗa da sunan da ya kira dutsen ba sa tafiya tare. Daimon ruwan hoda wanda Allah ya halitta da launinsa a ƙarƙashin ƙasa, ya cika karat guda (karat a dutse ma'aunin nauyi ne, ba na tsarkin gwal ba), launin kuma ya fito fili, daga dubun-dubatar daloli kuɗinsa yake farawa, mai zurfin launi kuwa ya haura dala 100,000 babu wanda zai yi mamaki a kasuwa. Mai irin wannan dutse a Dubai ya san abin da ke hannunsa, ba zai sallama shi a kuɗin da dillali zai ɗora la'adarsa a kai, duka-duka a tashi 7,000 ba.

To saura abu huɗu. Ko dai daimon ne na ƙasa amma launin aikin hannun mutum ne, ko daimon ne da aka haɗa a inji, ko na ƙasa ne da launinsa amma launin ya yi rauni ƙwarai har sai zoben ya taimaka masa, ko kuma ba daimon ba ne ma gaba ɗaya. Dukansu halal ne a sayar da su idan an faɗi gaskiyar abin da suke, kuma duk suna yin kyau a yatsa. Sai dai kowanne da kuɗinsa, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba kaɗan ba ce.

Na'urar nan mai kama da biro da ta yi ƙara, saurin da dutse yake janye zafi kaɗai take aunawa. Tana raba daimon da gilas da zirkoniya, wani dutsen inji mai arha da ke kama da daimon, iyakar aikinta ke nan. Akwai dutsen da ake kira moissanite, wanda ya shigo kasuwar kayan ado a 1998, shi ma yana sa ta ƙara. Daimon na inji kuwa daimon ne a jikinsa, kabon ne zalla kamar wanda ake tonowa a Akwatia, taurinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, na'urar ba ta da hanyar bambanta su. Wanda aka canja wa launi ma haka. Shi ya sa katin shagon da ya ce "daimon na gaske" zai iya zama bai yi ƙarya ba, amma bai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da kuɗinki ya rataya a kansu ba. Abin dariya ma, akwai wata na'urar da ke auna lantarki don ta kama moissanite, ita kuma wani lokaci shuɗin daimon na ainihi, ɗaya daga cikin mafi tsadar duwatsu, shi take kira jabu, saboda sinadarin da ya ba shi launi yana barin lantarki ya ratsa shi.

Bari in ɗan gaya miki inda launin yake fitowa, domin daga nan za ki gane dalilin tsadar da kuma ƙofar algus. Daimon tsantsa ba shi da launi. Idan naitirojin ya shiga jikinsa lokacin halitta sai ya yi rawaya, kuma shi ne ya fi yawa bayan ruwan ƙasa. Sinadarin boron ke ba da shuɗi, irin wanda mahaƙar Cullinan ta Afirka ta Kudu ta yi suna da shi. Kore yana zuwa ne daga radiyeshon na duwatsun da daimon ya daɗe kwance a cikinsu. Ruwan hoda da ja, nasu daban ne: babu wani sinadari da ya shiga, matsin ƙarƙashin ƙasa ne ya gurɗa tsarin jikin dutsen, shi ya sa idan aka duba da gilashin ƙara girma sau da yawa za a ga launin a jere layi-layi siriri. Cibiyar GIA ta Amurka, mai gwajin duwatsu masu daraja da ba su takarda, tana ƙiyasta cewa daimon ɗaya ne cikin 10,000 yake da launin da ya kai a kira shi mai launi, ruwan hoda kuma ɗan ƙaramin yanki ne a cikin wannan ɗayan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan hodar duniya a da daga mahaƙa guda suke fitowa, Argyle a yammacin Ostireliya, ita kuma kamfanin Rio Tinto ya rufe ta a Nuwamban 2020.

Mutum kuwa ya koyi kwaikwayon kusan duk wannan. Ana ɗaukar daimon mai arha, ruwan ƙasa ko mai dishi-dishi, a haska shi da radiyeshon, wani lokaci kuma a gasa shi, ya koma shuɗi, kore, rawaya mai ƙarfi ko ruwan hoda. Ana sa shi a injin matsi da zafi mai tsanani, wanda a takarda ake rubuta HPHT, aikin da ya bayyana a kasuwa a 1999. Mafi muni shi ne shafe: a lulluɓe ƙasan dutsen da wani siririn fenti, wanda da sabulu da gogayya zai fara kankarewa. Na injin kuma, ki riƙe wannan lissafin: a 2018 kamfanin De Beers ya fito da nasa mai suna Lightbox, fari da shuɗi da ruwan hoda, a kan dala 800 kowane karat. Daga nan kuɗin na inji bai daina sauka ba, har a 2025 kamfanin ya sanar da rufe Lightbox ɗin. Idan dutsen da ke hannunki na inji ne, dala 7,000 ta ninka haƙƙinsa sau da yawa.

Babu maƙerin zinariya a Adum ko Alabar, babu mai shago a Accra, ni ma a ciki, da zai kalli daimon ruwan hoda da gilashi ya rantse miki cewa launin halitta ne. Mukan yi zato, zaton ma yakan yi daidai, amma hukunci sai da injunan auna haske da ke manyan ɗakunan gwaji. Wannan ne ya sa a daimon mai launi takarda ta zama rabin kayan.

Takardar da kasuwar duniya ta yarda da ita a wannan fanni ita ce ta GIA, cibiyar da aka kafa a 1931. Akwai IGI da HRD, dukansu 'yan asalin Antwerp ta Beljiyam, kuma gidajen gwaji ne sanannu; IGI ce ma ta fi yawan takardun daimon na inji. Amma ranar da za ki sayar da mai launi na ƙasa, wanda zai saya ta GIA zai nema, in babu sai ya rage kuɗi ko ya ce a kai a sake gwadawa. Manyan duwatsu kan ƙara da ta Gübelin ko SSEF na Suwizalan. Katin shago, ko da an yi masa hatimin zinariya da leda mai ƙyalli, mai kaya ne yake yabon kayansa. Kuma ki lura, GIA ba ta rubuta kuɗi a takardarta. Duk takardar da kika ga an rubuta "darajarsa dala kaza", ƙiyasin wani ne, galibi don inshora, kuma a kan kumbura shi don mai saye ya ji ya yi sa'a.

Idan takardar GIA ta zo hannunki, layi biyu za ki fara nema kafin komai. Na farko shi ne inda aka rubuta Color Origin, asalin launi. Kalma ɗaya kike so a wurin: Natural. Idan kika ga Treated, ko Artificially Irradiated, ko HPHT Processed, an yi masa aiki. Idan Undetermined ne, su kansu sun kasa yanke hukunci, abin da ya fi faruwa da kore, saboda radiyeshon na ƙasa da na inji tabo iri ɗaya suke bari. Irin wannan ki saye shi da kuɗin wanda aka yi wa aiki, ba da kuɗin na halitta ba. Wanda aka shafa wa fenti GIA ba ta ma ba shi daraja. Na inji kuma takardarsa daban ce, da Laboratory-Grown a rubuce ɓaro-ɓaro a samanta. Ki kula da wata dabara: ana iya ce miki "natural diamond" da baki, kuma gaskiya ne dutsen daga ƙasa ya fito, alhali launin ne ba na halitta ba. Tambayoyi biyu ne, ki yi su daban-daban.

Layi na biyu shi ne Color Grade, kuma nan ne kuɗin yake kwance. GIA tana duba abu uku a launi: wane launi ne, ya yi haske ko duhu, sannan ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. Launukan da take ganewa 27 ne. Matakan kuma, a tsarin da take bi tun 1995, suna tafiya haka daga mai rauni: Faint, Very Light, Light, Fancy Light, Fancy, Fancy Intense, Fancy Vivid, sai Fancy Deep da Fancy Dark ga waɗanda suka karkata ga duhu. Ki ɗauke shi kamar shadda a marina: wadda aka tsoma sau ɗaya aka fitar da wadda aka yi ta mayarwa har ta sha baba ta ƙoshi, duk shuɗi ake kiransu, amma babu matar da za ta biya musu kuɗi ɗaya. Hawa mataki guda, daga Fancy zuwa Intense ko daga Intense zuwa Vivid, yana iya ninka kuɗin dutse. Vivid ne sarki. Deep ya danganta da dutsen, wani yana da kwarjini, wani ya yi duhu har ya daina wasa da haske. Matakai ukun farko kuwa, Faint da Very Light da Light, ki lura ba su da kalmar Fancy a gabansu. Ruwan hodar da ke wannan mataki sai an ajiye shi kusa da fari sannan ido zai shaida.

Daga nan sai ki karanta sunan launin daga ƙarshe, domin kalmar ƙarshe ita ce uwar launin, na gabanta raki ne. Purplish Pink ruwan hoda ne mai ɗan shunayya, kuma kasuwa tana son sa, yana kai kuɗin tsantsar Pink, wani lokaci ya wuce. Orangy Pink yana ƙasa da su. Brownish Pink ya faɗo sosai. Brown-Pink, wanda aka rubuta kalmomin biyu cikakku, ruwan ƙasan ya kusa yin kankankan da hodar. Pinkish Brown kuwa daimon ruwan ƙasa ne kawai, komai daɗin bakin mai sayarwa, kuma ruwan ƙasa shi ne mafi arha a duk masu launi. Haka abin yake a shuɗi: toka-toka a gaban sunan, Grayish Blue, tana zaftare kuɗi. Ni a zatona, idan dutsen dillalinki na halitta ne da gaske, a wannan unguwar za a same shi, ko Pinkish Brown ko Light mai ruwan ƙasa a ciki. Idan haka ne ba laifi ba ne, dutse ne mai kyau, amma ba shi ne wanda kike jin labarin tsadarsa ba.

Sunaye irin su canary, champagne, cognac, chocolate, duk na talla ne, ba ki samun su a layin daraja. Biyu daga ciki ma sunayen giya ne, aka laƙaba wa ruwan ƙasa don a samu ya shiga. Na rawaya yana da nasa tarkon. Ma'aunin farin daimon yana tafiya daga harafin D, fari tas, zuwa Z, mai rawaya-rawaya, kuma kuɗi raguwa yake yi idan ana gangarowa. Sai an wuce Z sannan a shiga Fancy Light Yellow, kuɗi ya juya ya fara hawa. Dutsen da ke kan W, X, Y ko Z yana kwarin da ke tsakanin tudu biyu, idan aka dasa shi a gwal mai rawaya sai ya yi kama da Fancy. Wanda ya saye shi da saninsa ya yi dabara. Wanda aka sayar wa da sunan canary an cuce shi.

Takardun GIA na mai launi iri biyu ne da kika fi yiwuwar gani. Cikakkiyar tana ɗauke da launi, asali, tsabta (wato ƙarancin tabo a ciki), nauyi, awo da zanen tabban da ke cikin dutsen. Gajerar, mai suna Identification and Origin Report, launi da asalinsa take bayarwa, ba ta faɗin tsabta. Ba jabu ba ce, amma idan mai kaya ya zaɓi gajerar ga dutse mai karat guda, ki tambayi kanki abin da ba ya son a rubuta. Akwai kuma duwatsun da ke zuwa da takardar Argyle ta kanta, mai ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi ƙoshi. Tun da aka rufe mahaƙar wannan takarda take ƙara wa dutse kuɗi, don haka ake yawan ambaton sunan da baki. Argyle ta baki babu lamba a jikin dutse, babu takarda, ki bar ta a bakin mai faɗa.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi faɗawa. An kawo takardar GIA ta gaske, an duba lambarta a shafin GIA na intanet, a sashen Report Check, komai ya fito daidai, hankali ya kwanta. To wa ya ce takardar ta wannan dutsen ce? A ƙugun dutse, wato siririn gefen da ya raba sama da ƙasa, akan rubuta lambar takarda da hasken lesa, sai da gilashi mai ƙara girma sau 10 ko fiye ake karantawa. Ki sa a nuna miki da idonki. Amma ita ma lambar ana ƙirƙirar ta. GIA da kanta ta sanar a 2021 cewa an kawo mata duwatsun inji da waɗanda aka yi wa aiki, an yanka su kusan daidai da awon wasu na ƙasa, an buga musu lambobin takardun waɗancan. Maganin wannan shi ne a cire dutsen daga zobe, a ɗora a sikelin karat, nauyi ya zo daidai har lamba biyu bayan ɗigo, a auna tsawo da faɗi da zurfi da milimita, sannan a bi zanen tabban ɗaya bayan ɗaya. Tabon cikin daimon ba a kwaikwayonsa. Karat guda kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, don haka sikelin da ake auna gwal ba zai yi wannan aikin ba.

Cire dutsen yana da wani amfanin. Masu haɗa zobe sun iya taimakon launi: a yi wa ruwan hoda ƙoƙo da jan gwal a ƙarƙashinsa, a kewaye shi da ƙananan farare don ya fito, rawaya kuma a zaunar da shi a gwal mai karat 18 ko 22. Wannan gwaninta ce, ba ha'inci ba, ni ma haka zan yi miki idan kika kawo mini aiki. Amma dutse ake saye, ba ƙoƙo ba. Ki gan shi tsirara a kan farar takarda da aka naɗe, fuskarsa sama, domin ta fuska ake yi wa mai launi hukunci, saɓanin fari da ake kifewa. Ki duba shi a bakin taga da hantsi, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma ƙarƙashin fitilun shago da aka zaɓo don su sa komai walƙiya ba. Ki juya shi a hankali ki ga ko launin ya game fuskar ko ya taru a kusurwa ya bar tsakiya fayau. A takarda wannan shi ne Color Distribution, Even ake so. Kowane mataki kuma yana da faɗi, akwai Intense da ya kusa Vivid, akwai wanda da ƙyar ya tsallake Fancy, takardunsu iri ɗaya, idonki ne zai raba. Hoton WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne, waya tana ƙara wa ruwan hoda abin da Allah bai ba shi ba.

Sauran abubuwan da ake dubawa a farin daimon suna nan, amma a bayan launi suke. Tsabta tana tafiya daga FL da IF, marasa tabo a ciki, zuwa VVS, VS, SI, tabon yana ƙaruwa, sai I, wanda ya fi kowa tabo. A ruwan hoda SI ba abin kunya ba ne, da yawan na Argyle haka suke, muddin ido bai ga tabon ba kuma babu tsaga da ta kai gefe wadda bugu ɗaya zai ƙarasa. A rawaya, da yake yana da yawa, ki nemi VS. Yanka kuma, GIA ba ta ba mai launi makin yanka, guga da daidaito kawai take rubutawa. Za ki ga yawancinsu masu kusurwa huɗu ne, radiant ko cushion, saboda waɗannan ne ke tara launi. Zagayayye yana watsa shi, don haka zagayayyen da ya riƙe launinsa ya fi tsada. Sau da yawa akan bar dutsen da zurfi don launi ya ƙaru, sai ki ga karat guda ya yi kamar bai kai ba. Ki duba milimita, ba nauyi kaɗai ba. Layin Fluorescence kuma yana faɗin ƙyallin da dutse yake yi a ƙarƙashin fitila irin ta duba kuɗin jabu. A ruwan hoda ba a damu da shi sosai ba, amma shuɗin ƙyalli mai ƙarfi yana iya kashe wa rawaya armashi a hasken rana.

Maganar kuɗi. Gwal yana da farashin yini wanda ɗan Kumasi da ɗan Landan suke gani a waya lokaci guda. Farin daimon yana da jadawalin farashi na Rapaport da 'yan kasuwa ke ciniki a kai. Mai launi ba ya cikin wannan jadawalin. Kowane dutse da cinikinsa, hanyar sanin kuɗi ita ce a nemo uku ko huɗu masu takardar GIA da launi ɗaya, mataki ɗaya, nauyi kusa da juna, a ga abin da ake nema a kansu, a raba da karat. A jeri, ruwan ƙasa da baƙi ne a ƙasa, kuma yawancin baƙin da ke kasuwa gasa shi aka yi. Sai rawaya, wanda mai karat guda a matakin Fancy dubban daloli kaɗan ne, ban da irin na Zimmi ta Saliyo mai ƙoshin da 'yan kasuwa ke biya wa ƙari. Can sama kuma ruwan hoda, shuɗi, kore, ruwan lemo tsantsa, sai ja a ƙoli. Wani jan daimon da ake kira Hancock Red bai cika karat ba, 0.95 ne, amma tun 1987 aka saye shi dala 880,000.

Za a karanto miki labaran gwanjo don a nuna miki cewa kadara ce. Gaskiya ne wani ruwan hoda da ake kira Pink Star, mai karat 59.60, ya tashi dala miliyan 71.2 a Hong Kong a 2017. Williamson Pink Star na Tanzaniya, karat 11.15, ya kai miliyan 57.7 a 2022, Oppenheimer Blue kuma miliyan 57.5 a 2016. Waɗannan duwatsu ne da ake ƙirgawa da yatsu a duniya, ba su da alaƙa da abin da za a ba ki a kan zoben karat guda. Shi kansa Pink Star ɗin an taɓa buga masa guduma a dala miliyan 83 a 2013, mai sayen ya kasa biya, dutsen ya koma hannun masu gwanjo ya jira shekaru.

A nan ne nake ganin niyyarki take buƙatar gyara. Kin ce kadara maimakon gwal. Idan wata larura ta taso wa yarinyar nan, Allah ya kiyaye, sarƙar gwal za ta ɗauka da safe ta je a auna, kafin azahar kuɗi na hannunta. Daimon mai launi ba shi da wannan kasuwar a Ghana. Masu sayensa kaɗan ne, suna Dubai, Antwerp, New York, Hong Kong, kuma kowannensu ƙasa da kuɗin sari zai taya, mai gwanjo ma sai ya cire kasonsa. Wanda aka yi wa aiki da na inji kuwa kusan babu mai sake sayensu da kuɗin kirki. Ga kuma dala: da ita ake cinikin, kin ga yadda sidi ya faɗi a 2022 da yadda ya farfaɗo a 2025, wanda ya saya a tsakani lissafinsa ya sha bamban da na maƙwabcinsa. Ki tambayi malaminku hukuncin zakka ma, domin a fiƙihu duwatsun ado da ba na kasuwanci ba hukuncinsu daban da na zinariya da azurfa.

Wani zai ce miki ai ƙasar daimon muke, me ya kai mu Dubai. Haka ne, tun 1919 aka gano shi a kwarin Birim, Akwatia kuma ta ci sunanta. Amma yawancin namu ƙanana ne ƙwarai, da yawansu na aikin masana'antu. Idan aka kawo miki ɗanyen dutse a ƙullin takarda aka ce kore ne ko ruwan hoda daga daji, ki ba da haƙuri. Cinikin ɗanye sai da lasisi, aikin da PMMC, kamfanin gwamnati na cinikin ma'adinai masu daraja, ta daɗe tana kula da shi a Diamond House da ke Accra kafin a kafa GoldBod, hukumar gwal ta Ghana, a 2025. Koren ɗanye kuma sau da yawa a fata kaɗai yake, da an goge ya tafi. Takardar Kimberley da za a iya nuna miki, wadda aka fara a 2003, shaida ce cewa ɗanyen daimon da ya ƙetare iyaka ba na yaƙi ba ne, ba ta cewa komai kan launi ko inganci.

Da ni ne ke riƙe da dala 7,000 ɗin nan da aure a gaba, ɗaya cikin biyu zan yi. Idan launin ne ya shiga ran amarya, in saya mata ruwan hoda na inji da sanina, da takardarsa, a 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dubu da wani abu har da zoben, ragowar in zuba a gwal. Idan kuma na ƙasa nake so lallai, in nemi rawaya Fancy ko Fancy Intense mai cikakkiyar takardar GIA, wanda wannan kuɗin zai iya kaiwa gare shi ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba.

Shi kuma dillalin, ki ce ya turo miki lambar takardar GIA ta dutsen. Idan akwai, minti biyu ya isa a duba. Idan babu, GIA ba ta da ɗakin gwaji a Ghana, sai a mayar da dutsen ta hannun shagon da ya fito a aika musu, da sharaɗi a rubuce: in ya dawo Natural da matakin da aka yi alkawari, ke za ki biya kuɗin gwaji da na dutse, in ya dawo da wani abu daban, su ɗauki kayansu da ɗawainiyarsu. Abin yakan ɗauki makonni, don haka a fara yanzu tun biki bai matso ba. Ranar biya kuma a rubuta a rasit lambar takardar, nauyi, sunan launi kamar yadda GIA ta rubuta shi harafi da harafi, da kalmomin natural diamond, natural color, da kwanakin da za ki iya mayarwa. In kuma ya tabbata wanda aka haska ne kuma kika ga kina son sa a kuɗin da ya dace da shi, ki gaya wa duk maƙerin da zai rage ko ya ƙara zoben ya cire dutsen kafin ya kunna wuta, domin zafin wutar ƙira yana iya canja masa launi.